James Monroe kafin ya zama shugaban ƙasar Amurka: soja da ɗan majalisa

Shekarar Monroe 18 kacal lokacin da ya bar Kwalejin William da Mary a 1776 ya shiga runduna ta uku ta jihar Bajiniya da muƙamin laftana, a yaƙin neman 'yancin Amurka daga Ingila. A yaƙin Trenton, ran 26 ga Disamba 1776, yana cikin waɗanda suka afka wa igwogin sojan haya na Jamus da ke yi wa Ingila yaƙi. Harsashi ya same shi a kafaɗar hagu, ya tsinka jijiyar jini. Irin wannan rauni ba ya jira, cikin 'yan mintoci jini ke ƙarewa. Likita John Riker ne ya matse jijiyar nan take. Harsashin kuwa ya zauna a jikinsa har mutuwarsa a 1831.

Abin da ya daƙile ci gabansa a soja abin takaici ne. Ya karɓi aikin mataimakin Janar Stirling, aikin da ya fitar da shi daga layin masu jan dakaru. Da ya nemi kafa runduna tasa a Bajiniya, babu kuɗi, babu mutane. Sai ya koma karatun lauya wajen Thomas Jefferson, gwamnan Bajiniya na lokacin.

Ya shiga majalisar Bajiniya a 1782, sannan Majalisar Tarayya daga 1783 zuwa 1786. A 1788, a taron wakilan Bajiniya, ya ƙi amincewa da kundin tsarin mulkin Amurka, musamman don babu sashen kare haƙƙin jama'a, kuma a ganina yana da hujja. Ɓangarensa ya sha kaye da ƙuri'a 89 da 79. James Madison, wanda shi ma daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya kayar da shi a zaɓen Majalisar Wakilai na 1789, amma a 1790 ya zama sanata.