Kafur ɗin akwatin Inna ne ya biyo ni har Tokiyo

Daga Kano muka tashi zuwa Adis Ababa, daga nan kuma sai doguwar tafiya har Narita, filin jirgin saman da ke kusa da Tokiyo, wallahi na sauka ƙafafuna duk sun kumbura, ga Japan na gaban Najeriya da awa 8, barci sai a hankali. Washegari na hau jirgin ƙasan layin Yurakucho na sauka Toyosu, unguwar da aka maido babbar kasuwar kifin Tsukiji a 2018, amma ni ba kifi ya kai ni ba, jami'ar Shibaura na nufa saboda karatuna na kimistiri.

A ɗakin gwaje-gwajensu wata ɗaliba ta nuna min wasu 'yan ƙwayoyi kamar gishiri, launinsu shuɗi-shuɗi da ɗan kore, ba ƙarfe a cikinsu, haɗin kabon ne da naitirojin. A wata kwalbar kuma irinsu ne sak amma sun koma ja mai duhu kamar zoɓo, wai tururin wani sinadari mai suna naftalin suka shaƙa. Yadda abin yake, naftalin ɗin ne ke kutsawa ya zauna tsakanin zobban ƙwayar, su ɗan yi musayar lantarki, shi ke nan hasken da take haɗiyewa ya canja, ido ya ga wani launi daban. In aka ɗumama ta naftalin ya fice ta koma yadda take, a sake amfani da ita. Ba batir, ba na'urar miliyoyi, ido kawai.

Da aka buɗe kwalbar warin ya bugi hancina sai gabana ya faɗi, ai kafur ne! Wanda Inna ke zubawa cikin akwati saboda kyankyasai, har kayan jariran da ake ajiyewa kafin haihuwa. Kuma likitoci sun daɗe suna faɗa, jaririn da ke da ƙarancin G6PD (wani sinadari a jiki da ke kare ƙwayoyin jini), abin da ke da yawa a wajenmu, kafur na iya farfasa masa ƙwayoyin jini shawara ta kama shi har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Na yi ta tunanin ina ma a ce akwai ɗan katin wannan abu a ɗakin kowace mai jego, ya yi ja ta gane rigar ba ta sakuwa.

A tashar Toyosu na tsaya na kira yayata da ke da tsohon ciki, lokacin ko sallar azahar ba a yi ba a Kano. Na ce Yaya don Allah ki kwashe kafur ɗin nan daga kayan jaririn yau, ki wanke su ki shanya a rana.