Ɓantarewar bakin allo ta ƙare, ga inda matsalar take

'Yan'uwa masu koyo, alhamdu lillahi, yau na fitar da ƙofofin kabad ɗin kicin bakinsu sumul, sama da ƙasa, ba ɓantarewa ko guda. Duk wanda ya taɓa yanka farin allon MDF (allon garin katako da aka matse) mai lulluɓin melamin (siririn rufin nan mai tauri da santsi) ya san dalilin wannan murna tawa.

Injin yankan allo da muke haɗaka a kansa mai teburin da ke zamewa ne, da babban faifan zarto na milimita 300 da ƙaramin nan na milimita 120 da ke gabansa, mai shata layi a ƙasan allo don kada babba ya ɓantare melamin. Abin da ya yi ta ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙasan allon yana fitowa a ɓantare, kuma gefe ɗaya kawai, gefen da ke kan teburin. Maigidan wurin ya ce haƙora ne suka dakushe. Aka kai wasawa, kuɗin kuma daga aljihuna, tunda ni ne mai ƙorafi. Saman allo ya ƙara kyau, ƙasa yana nan yadda yake. A lokacin rabin allo sabo fil ya riga ya koma guntaye, kuma kun san yadda kuɗin allo yake yanzu. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Abin da ya tona asirin ƙaramin gwaji ne. Na ɗauki guntu, na yanka zuwa rabi, na kashe inji, na jira faifai ya tsaya cik, sannan na janyo na kifa shi. A nan za ka ga layin ƙaramin faifai a gaba, hanyar babba a bayansa. Ashe ba su hau layi ɗaya ba. Ta dama shatin ya wuce hanyar babba har ya bar ɗan mataki, ta hagu kuma haƙoran babba sun fita wajen shatin suna fizgar melamin. Wani ne ya sa nasa babban faifan, ya matsar da ƙaramin ya dace da nasa, da ya gama ya mayar da namu ya tafi abinsa. Haɗaka ke nan, kowa da aikin da ke gabansa.

Kaurin hanyar babban faifanmu milimita 3.2 ne. Shatin yana buƙatar ya ɗara shi da kamar 0.1 ta kowane gefe, abin da farce zai ji amma ido da ƙyar. Ƙaramin namu irin mai haƙora masu tsini ne, siriri a sama, mai faɗi a gindi, saboda haka ɗaga shi yana ƙara faɗin shati. Na riƙa murɗa shi gefe kaɗan-kaɗan ina gwadawa, na tsayar da zurfinsa kusa da milimita 2. Guntu ya fito tas.

Sai na ɗora doguwar ƙofa, tsakiyarta ta sake ɓantarewa, farko da ƙarshe kuwa lafiya lau. Wallahi na kusa haƙura da aikin ranar. Da na sunkuya na duba ta gefe, sai ga haske tsakanin allo da teburi. Allunan nan masu milimita 2440 da 1220 a jingine ake ajiye su jikin bango, suna lanƙwasa. Inda tsakiya ta ɗaga, ƙaramin faifai bakin tsininsa kawai ke taɓa allo, shatin ya tsuke, babba ya samu abin fizga. Duk saitin da na yi daidai ne, allon ne bai kwanta ba. Na kifa shi cikinsa ya zauna kan teburi, na danne gaba da matsi, abokin aikina ya danne baya da tafin hannu nesa da faifai. Yanzu ma nakan fara raba babban allo gida-gida da ɗan rara, domin ƙaramin yanki ya fi kwanciya, sannan in bi da yankan ƙarshe.

Abu ɗaya da ba zan yi shiru a kai ba: na tarar an cire ƙarfen nan da ke bayan babban faifai, mai hana katako matse shi ya harbo da baya. Na nemo shi cikin dusar katako na ɗaura. Mu kan yi layi a kan injin nan har da yara masu koyo, kuma ba kowa ke dubawa kafin ya kunna ba.

Mun yi magana da maigida, ya yarda a manna takarda jikin inji da kaurin faifai da zurfin shati, wanda ya canza ya mayar. Na kuma rataye guntun gwajin a ƙusa kusa da makunni. Gobe in sha Allahu sai manna tef a bakunan ƙofofi, daga nan a huda ramukan hinji na milimita 35.