Ranar da muka karya kuɗin ɗaki saboda maƙwabci

Shekara uku na yi a risefshan na wani ƙaramin otal a Kano, ɗaki 20 ne gaba ɗaya, kuma har yau abin nan yana ci min rai in na tuna.

Sabon otal aka buɗe a layinmu suka sa ɗaki dubu 20, mu muna dubu 25. Oga ya kira ni yace gobe ka mayar da namu 18 kar su kwashe mana kwastomomi. Nace ranka ya daɗe a ɗan saurara mu gani tukuna, yace ina, ɗakin da ya kwana ba kowa ai ya tafi kenan, ba ka sake sayar da daren jiya. Kuma gaskiyarsa ce ta wannan wajen.

To amma ni ke riƙe da littafi. Da muna samun kamar ɗaki 12 a dare, dubu 300 kenan, da aka rage sai muka koma 15, otal ya yi kama da ya cika, motoci a harabar, oga yana ta murna, amma 15 sau 18 dubu 270 ne wallahi, ga ƙarin esi uku a kan janareta cikin zafin Afrilu, ga dizal, ga wankin zannuwan gado da tawul, ga sabulu, masu shara sun gaji liƙis. Sati biyu ba a yi ba maƙwabcin shi ma ya sauko 17.

Daga baya na ga ashe masu bincike a Jami'ar Cornell ta Amurka sun duba alƙaluman otal-otal daga 2001 zuwa 2007 sun tarar da haka: waɗanda suka sa kuɗi ƙasa da na abokan gasarsu sun fi cika ɗakuna, amma abin da kowane ɗaki ke kawowa ya ragu. Ni ban yi mamaki ba, don ba wanda zai taso ya zo Kano saboda an rage dubu 7. Biki ne ya kawo shi, ko asibiti, ko sarin atamfa a Kantin Kwari, dama zai kwana. Abin da yake tambaya shi ne akwai wuta har asuba? ruwa na zuwa?

Wahalar ma sai da muka zo mayar da kuɗin yadda yake. Wani Alhaji da ke zuwa sari daga Maraɗi, wanda shekaru yana biyan 25 bai taɓa cewa uffan ba, ya ajiye makullin a kan kanta yace ɗana, ai wancan watan 18 na ba ka.