Malamin badujala ma'aikaci ne: abin da ƙungiya za ta fara kamawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon faretin ranar matasa, 11 ga Fabrairu, ko na ranar ƙasa, 20 ga Mayu, a Garwa, Marwa ko Ngawundere a Kamaru ya san makarantar da ke da 'yan badujala ita ke ɗaukar ido. Ƙahonin tagulla na ƙyalli, ganguna na tafiya da ƙafar yara, jama'a na tafi. Wanda ya shafe watanni yana koya wa yaran nan ɗora leɓe a bakin ƙaho kuwa yana can gefen titi yana bin su a ƙasa, da 'yar kwalbar mai a aljihu ko wani ƙaho zai cije. In an tashi, a miƙa masa ambulan a ce, "Malam, ga na goro." Wannan "na goro" shi ne tushen matsalar. A ƙasarmu an saba kallon mai kiɗa da busa a matsayin wanda ake yi wa kyauta, kuma al'adar ta biyo shi har cikin makaranta. Kyauta ba ta da ranar biya, ba ta da takarda, ba a kai ƙara a kanta.

Kafin ƙungiyar ƙwadago ta buɗe baki, sai ta san wa take karewa, domin malaman nan ba a kwano ɗaya suke ci ba. Akwai ma'aikacin gwamnati mai lambar albashi, wanda galibi wani darasi aka ɗauke shi koyarwa, aka ɗora masa kiɗa don an ga ya iya. Shi yana ƙarƙashin dokar malaman gwamnati ta 5 ga Disamba 2000. Akwai malamin awa a makarantar gwamnati, wanda ƙungiyar iyaye da malamai, APEE, ke biya daga kuɗin da iyaye suka tara. Sai na makarantu masu zaman kansu. Akwai kuma mabushin algaita ko makaɗin kalangu da ake ɗaukowa daga unguwa ko daga fada ya horar da yara na 'yan makonni. Ukun ƙarshe su ne a tsakiyar rana, kuma su ne dokar ƙwadago ta 14 ga Agusta 1992 ta fi yi wa amfani, in an san yadda ake riƙe ta. Sashe na farko na dokar bai tambayi sunan da aka laƙaba maka ba. In kana aiki ƙarƙashin umarnin wani, shi ke tsara maka lokaci, yana biyan ka, to kai ma'aikaci ne.

Aikin farko ƙidayar awa ne, kuma a nan ƙorafi da yawa ke faɗuwa. Darasin kiɗa ba kasafai yake shiga jadawalin makaranta ba. Ana tura shi yammacin Laraba, lokacin ayyukan bayan aji, ko safiyar Asabar. Abin da ba ya cikin jadawali ba ya shiga littafin darasi, abin da bai shiga littafi ba mai biyan kuɗi bai san da shi ba. Don haka kowane malami ya sayi littafi ɗaya mai shafuka ɗinkakku, ya rubuta lamba a kowane shafi. Duk zama ya rubuta kwanan wata, lokacin farawa da na tashi, yawan yara, da abin da aka koya, sannan mai kula da karatu ko mai kula da ladabtarwa ya sa hannu a ranar. Sa hannun ƙarshen wata ba shi da ƙarfi, don ana iya cewa daga baya aka cike shi.

A ɗauki misali don a ga girman abin. Malami na da awa 2 ranar Laraba da awa 2 ranar Asabar, su ake biyan sa. Amma makonni shida kafin 11 ga Fabrairu da wasu shida kafin 20 ga Mayu yana atisaye kullum, awa 2 sau kwana 5. Wannan kaɗai awa 120 ne. A ƙara awa 2 duk mako na wanke kaya da gyara, cikin makonni 30, awa 60 ke nan. Ba a sa ranar faretin kanta ba, wadda ake fitowa tun da sassafe. Awa 180 da ba wanda ya lissafa. Idan wakilin ƙungiya ya shiga ofis da littattafan malamai goma masu sa hannu, maganar ta tashi daga roƙo ta koma lissafi.

Sai takarda. Dokar ta ce duk kwantiragi mai wa'adi da ya wuce wata 3 dole a rubuta shi. Mai wa'adi ba ya wuce shekara 2, sau ɗaya ake sabunta shi a wuri ɗaya, in aka ci gaba da aiki bayan haka ya zama na dindindin. Albashin wata kuma ba ya wuce kwana 8 bayan ƙarshen wata ba a biya ba, kuma da takardar albashi ake biya. Mafi ƙarancin albashi a irin wannan fanni tun Maris 2023 sefa 60,000 ne a wata, a kan awa 40 a mako, wato kusan sefa 346 kowace awa. Wannan ƙasan rijiya ne, kada ƙungiya ta yarda a mai da shi farashin awar koyarwa, domin bayan kowace awa a gaban yara akwai rubuta waƙa daidai da ƙarfinsu, raba ta ga kowane kayan busa, da gyaran kaya. Abin da ya kamata kwantiragin ya faɗa ƙarara: kuɗin awa, cewa atisaye da ranar fita awa ne, kuɗin mota in an fita gari, da wanda ke ɗaukar nauyin kaya in sun lalace. Bashin albashi kuma yana da wa'adi. Bayan shekara 3 ba a iya bin sa, saboda haka mai haƙuri har abada shi ke asara.

CNPS, hukumar fansho da inshorar ma'aikata ta ƙasa, ita ce inda na fi jin ciwo, don ba a ganin ɓarnar sai tsufa ya zo. Kuɗin fansho kashi 8.4 cikin ɗari ne, 4.2 daga ma'aikaci, 4.2 daga mai aiki. A albashin 60,000, sefa 2,520 ake cire wa malami. Fansho na neman shekara 60 da haihuwa da wata 180 na biyan kuɗi. Malamin da ake biya wa wata 9 kawai a shekara, ana sallamar sa lokacin dogon hutu, zai yi shekara 20 kafin ya tara abin da abokinsa ya tara a shekara 15. Mafi muni shi ne wanda ake cire wa kuɗin ba a kai su ba. Ƙungiya ta sa kowane mamba ya je ofishin CNPS sau ɗaya a shekara ya nemi bayanin abin da aka zuba da sunansa, ya gwada da takardun albashinsa. Wanda ba shi da mai aiki tsayayye, kamar mabushin da ke zagaya makarantu uku, akwai inshorar sa-kai da aka buɗe tun 2014.

Akwai abin da ya keɓanta da wannan sana'a, wanda manyan ƙungiyoyin malamai ba za su tuna da shi ba sai masu abin sun faɗa: kunne. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke bi shi ne ƙarar da ta kai desibel 85 (ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 na rage lokacin da rabi. A 88 awa 4, a 91 awa 2, a 94 awa 1, a 100 minti 15 kacal. Ƙaho ko ƙaramar ganga a kusa suna kai ɗari ba wuya. Yanzu a duba inda ake atisayen: aji mai daɓen siminti, bango ba labule, rufin kwano ba silin, yara ashirin na busawa, malami na tsaye daidai bakin ƙahonin. Ƙarar ba ta da inda za ta je sai ta dawo. Alamar farko ita ce kunne ya riƙa ƙugi bayan an tashi, daga baya mutum ya fara kasa rarrabe magana a cikin taro. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Audugar da ake cusawa ba ta tare komai. Toshen soso na masu aikin inji yana tarewa, amma yana kashe siririn sauti, malami ya kasa jin wanda ya kauce, sai ya cire. Abin nema shi ne toshen makaɗa mai tace sauti daidai, na desibel 15 ga masu busa, na 25 ga mai tsayawa cikin ganguna. Akwai kuma gyaran da ba ya cin ko sisi: a raba masu ganga da masu busa sai a ƙarshen atisaye, a fita inuwar darbejiya, malami ya tsaya a gefe, a huta minti 10 duk bayan minti 45. A Maris da Afrilu, da zafi ke haura 40 a Garwa da Marwa, atisayen fareti ya koma bayan la'asar, da ruwan sha a wurin. A nemi gwajin ji lokacin ɗaukar aiki da kuma duk shekara, domin in babu gwajin farko ba yadda za a nuna aikin ne ya jawo. Hatsari a bakin aiki kuwa, ko faɗuwa ce daga motar da ta ɗauko kaya, mai aiki na da kwana 3 na aiki ya sanar da CNPS.

Kaya su ne abin da aka fi kama malami da shi. Ƙaho mai fistan uku, wato maɓallan da ake dannawa don sauya sauti, in ya sha ƙurar hunturu sai fistan ya fara cijewa. Yaro ya danna da ƙarfi, ko wani ya ɗiga masa man gyaɗa ko baƙin mai, man ya daskare da ƙura, fistan ya tsaya cak. Maganinsa ɗigo biyu ko uku na ainihin man fistan kafin kowane atisaye, da wanka da ruwa mai ɗumi da sabulu mara ƙarfi duk wata. Ruwan zafi na ɓare fentin. Bakin ƙaho in ya maƙale kada a sa filaya, tana murɗe bututun. Kilarinet, abin busa mai kama da algaita, na itace na tsagewa a bushewar iskarmu, na roba ya fi dacewa da makaranta, kuma 'yan fatun da ke toshe ramukansa na bushewa su fara yoyon iska. Fatar ganga in an bar ta a ɗaure cikin rana ko a sito mai rufin kwano, fashewa take. Duk wannan lalacewa ce ta yau da gobe, amma sai a ce sakacin malam ne a zabtare masa albashi, alhali sashe na 30 na dokar ƙwadago ya hana mai aiki cin tarar ma'aikaci. Kariyar ita ce takardar ƙidayar kaya: a farkon shekara a rubuta kowane abu da lambarsa da halin da yake ciki, malami da ma'ajin makaranta su sa hannu, kowa ya riƙe kofi, a maimaita a watan Yuni. A kuma nemi layi na musamman a kasafin APEE don mai, fatu, tsirkiya da gula, da bakin ƙaho ga kowane yaro, don busa da baki ɗaya na yaɗa ciwo.

Ta ina za a shigar da maganar? Kafa sabuwar ƙungiya na neman sa hannun mutum 20 masu sana'a ɗaya, kuma ta ma'aikatan gwamnati sai da amincewar ministan harkokin cikin gida bisa dokar 1968. A gari ɗaya da wuya a tara malaman kiɗa ashirin. A ganina ya fi sauƙi a shiga ƙungiyar malamai da ke tsaye, irin SNAES ga na sakandare, a nemi ƙaramin kwamitin malaman fasaha a cikinta. Yajin aikin malaman gwamnati na 2022 da aka yi wa laƙabi da OTS ya nuna malamai na iya girgiza ƙasa a kan albashin da aka riƙe, amma buƙatun da suka fito na masu jiran lambar albashi da ƙarin girma ne. Malamin awa mai ƙaho sai ya kai nasa da kansa. A makaranta mai zaman kanta da ke da ma'aikata 20 ko fiye, dole a zaɓi wakilan ma'aikata, kuma ba a korar wakili sai da izinin sufeton ƙwadago. Wakilin ne ya fi cancanta ya ɗauki takardar buƙata, maimakon malamin da za a iya ce wa kada ya dawo ranar Litinin.

A rubuta buƙata kofi biyu, a sa a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan wanda za a riƙe. In shiru ya yi yawa, a kai wa sufeton ƙwadago, domin kotu ba ta karɓar irin wannan ƙara sai an fara zaman sulhu a gabansa an fito da takardar rashin daidaitawa. Akwai masu cewa a bari sai ana saura mako ɗaya fareti a ajiye kaya. Ban goyi bayan haka ba. Yajin aiki kafin a ƙare sulhu da sasanci na iya zama hujjar kora, iyaye su juya baya, yaran da suka yi wata biyu suna atisaye su ne za su yi kuka. Lokacin magana shi ne Satumba, kafin babban taron APEE ya amince da kasafin shekara, sa'ad da ake zana jadawali kuma kuɗin rajista na shigowa. Wakili ya je da littattafan awa na bara, da takardar ƙidayar kaya ta watan Yuni, da farashin mai da fatu da toshen kunne a rubuce, ya nemi a karanta su a gaban iyaye kafin a kaɗa ƙuri'a.