Na gode, jiya na sake taka fili

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Jiya na buga minti 6, a zango na uku. Na jefa ƙwallo sau biyu, ɗaya ta shiga. Da koci ya fitar da ni na zauna a benci na lulluɓe kaina da tawul, 'yan ƙungiyarmu suka ɗauka gumi nake sharewa. Wata 11 rabona da filin ƙwallon kwando. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi, alhamdu lillahi.

Ba zan sake ba ku labari daga farko ba, kun bi shi tun ranar da gwiwar ta yi ƙara a ƙarƙashin kwando, da hoton MRI, da faɗi-tashin haɗa kuɗin aiki, da ɗage ranar tiyata har sau biyu. Yanzu haka ƙanƙara ce ɗaure a gwiwata, jikina duk ya mutu, barci kuma ya ƙi zuwa. Shi ya sa na ce bari in sauke wannan nauyin tun kafin gari ya waye.

Ga iyayena da suka yi ta cewa a kai ni wurin mai ɗori, na san ƙauna ce ta sa, kuma ina roƙon ku yafe mini ƙin da na yi. Abin ba karaya ba ne, ba kuma targaɗe ba. Wata jijiya ce can cikin gwiwa da ke riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri don kada su zame wa juna, likitoci na ce mata ACL. In ta tsinke ba ta haɗewa yadda mutum zai sake tsalle ya dira a kanta, sai an yanko wata jijiyar daga jikinka, an huda ƙashi an dasa ta a gurbin waccan. Daga nan sai gashi da motsa jiki na wata 9 ko fiye. Tiyatar ta 'yan awoyi ce, watannin su ne jarrabawar.

Dare ɗaya nake so in faɗa muku, wanda ban taɓa rubutawa ba.

Kwana 3 da sallamo ni. Tsawona mita 2 da 'yan kai, sandunan dogarawa da aka sayo mini kuwa, ko da aka zare su har ramin ƙarshe, sai na duƙa kafin su kai mini hammata. Wajen ƙarfe biyun dare na fito zan zaga, ban so in tashi kowa. A tsakar gida sanda ɗaya ta zame. Na faɗi a kan sumunti, ƙafar da aka yi wa aiki ta bugu, na ji wani zafi ya ratsa ni har ƙeya. Abin da ya zo mini a rai shi ne dashen ya tsinke. Kuɗin mutane, filin gadon da Inna ta sayar, duk sun tafi a kan fitsarin dare ɗaya. Inna da maiɗakina suka fito, suka kama ni ta nan suka kama ta can, ko motsa ni ba su iya ba. Sanyin hunturu irin na Zariya yana shiga ƙashi. Inna ta kwance mayafinta ta rufa mini, ta zauna a ƙasa ta ɗora kaina a cinyarta tana ta karanta Hasbunallahu wa ni'imal wakil, maiɗakina kuwa ta fita ba ko takalmi ta buga ƙofar maƙwabta.

Baba mai walda ne ya shigo da 'ya'yansa biyu. Na san ba ya son a ambace shi, kuma na san a al'adarmu ba a tallata alheri, amma duk wanda ya tashi a layinmu na Tudun Wada ya san wanda nake nufi, to yau sai ya yi haƙuri da ni. Kafin su ɗaga ni, ya dubi sandunan, ya dube ni, ya ce a miƙo masa igiya. Ya durƙusa ya fara auna ni ina kwance, daga hammata zuwa diddige. Inna ta kau da kai ta fashe da kuka. Duk wanda ya taɓa zaman makoki ya san wanda ake aunawa yana kwance a lulluɓe. Nan take Baba ya gane, ya saki igiyar ya ce, “Haba Hajiya, awon tsayuwa nake yi masa. Dogo zai tashi da yardar Allah.”

Da aka fito sallar asuba babu wuta, ya tada janareta da man aljihunsa. Kafin hantsi ya dawo da sanduna sababbi na bututun ƙarfe, daidai tsawona, ya naɗe mariƙin da soso da robar taya, ya sa musu roba a gindi don kada su sake zamewa. Na ce, “Baba, nawa ne?” Ya ce, “Zoben da na haɗa muku kuna yara, nawa ka biya?” Shi ne ya lanƙwasa rodi ya yi mana kwandonmu na farko, muka kafa a jikin turken katako a bayan makarantar allo, ba raga, tsayin ma da ido aka kintata. Sai ranar da na fara zuwa filin jami'ar Ahmadu Bello a Samaru na san cewa zobe na gaskiya mita 3.05 yake daga ƙasa. Washegarin faɗuwar tawa aka duba gwiwar, dashen bai taɓu ba. Wata guda da rabi ina kan sandunan Baba.

A watannin kwanciya na yi ta tuna wani dare na Yunin 2019. Mun kwana a gidan kallo muna ihu, don Toronto Raptors ta ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, shugabanta kuwa Masai Ujiri ne, wanda ya tashi a garin nan, ya koyi wasa a hannun koci Oliver Johnson. A wannan wasan na ƙarshe ne Klay Thompson na Golden State, abokiyar karawarsu, ya tsinke irin jijiyar tawa, ya dawo daga hanyar ɗakin sauya kaya ya jefa ƙwallonsa biyu na ladabtarwa, sannan aka fita da shi. Wallahi a daren ko tausayinsa ban ji ba, murnar ɗan garinmu ta rufe mini ido. Shi bai sake buga wasa ba sai Janairun 2022, don wata jijiyar ta agara ta sake tsinke masa a tsakani, kuma a shekarar da ya dawo suka ci kofi. Na kalli bidiyon dawowarsa ya fi a ƙirga. Sai dai shi albashinsa bai tsaya ba. Mu a nan kwantiragin kaka ɗaya ne, ƙafarka ita ce jarinka, ranar da ta tsaya komai ya tsaya.

Shi ya sa ba zan manta da waɗanda suka ɗauki nauyina ba. Likitan da ya yi aikin da ma'aikatan jinya. Baiwar Allahn nan ta sashen gashi da ta riƙa lanƙwasa gwiwata ina kuka tana ce mini saura kaɗan. Kocina na farko, da ya riƙa zuwa daga Samaru duk Juma'a da 'yar lemo a leda. Yaran Sabon Gari da na Kongo da suka shirya wasan sada zumunci suka tara kuɗin ƙofa suka kawo a ambulan, har da 'yan naira hamsin-hamsin a ciki. Mai Keke Napep na Kwangila da ya riƙa barin kujerar baya gaba ɗaya don in miƙe ƙafa, yana karɓar kuɗin mutum ɗaya. Gwaggona ta Ƙofar Doka da farfesun ƙafar saniyarta. Da ku da kuka turo kuɗi ba suna.

Akwai kuma 'yan uwa na jini da a da in na sa hannu a kwantiragi wayata ba ta hutawa, amma wata 11 ko sallama ban ji ba. Daga Kaduna zuwa Zariya ba tafiyar kwana ba ce, zumunci kuwa a ƙafa yake. Ban riƙe kowa ba, wataƙila da uzuri. Inna ce dai ta fi jin abin, don ta yi ta sa rai da ƙarar ƙofa.

Allah Ya saka muku da mafificin alheri. Allah Ya tsare gaɓoɓinku, Ya rufa muku asiri duniya da lahira, kada Ya nuna muku daren da za ku kwanta a ƙasa ku rasa mai ɗaga ku. Baba, Allah Ya ƙara wa idanunka haske, Ya raya maka zuri'a, Ya kai ka Makka ka ga ɗakinSa. Inna, Allah Ya ba ni ikon mayar miki da filinki, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarki, Ya jiƙan mahaifina da bai ga wannan rana ba. Maiɗakina, Allah Ya ba ki ladan haƙurinki ninkin ba ninkin. Masu jinya a gida da asibiti, Allah Ya tashi kafaɗunsu. Amin summa amin.

Likita ya ce kada in wuce minti 10 a wasa har ƙarshen wata, don haka masu tambayar yaushe zan dawo cikin biyar ɗin farko ku ƙara mini haƙuri. Sandunan Baba suna nan jingine a zaure, na goge su na sake musu roba. In akwai wani dogo a cikin 'yan wasanmu da ya ji rauni, a aiko a ɗauka.