Safar hannu da wayata

Alhamis, 4 ga Maris 2021. Aboabo, Kumasi.

Da safe aka raba mana takardar tambayoyi a aji, wai a gwada ko mu ɗaliban likitancin haƙori mun shirya wa aiki cikin annoba. Ta ina korona ke yaɗuwa? Kwana nawa take iya ɓuya a jiki? Sha huɗu. Zafin tukunyar turara kayan aiki? Digiri 121 na minti 15, ko 134 na minti 3. Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B guda nawa? Uku, kuma na yi su duka. Na zuba amsa kamar mai karanta Fatiha, har da ɗan taƙama wajen miƙa takardar.

Wajen sha ɗaya aka kira ni ɗakin aiki. Wani dattijo ne daga Asawase, mai sayar da goro, ya fi sakewa da Hausa, sai aka haɗa ni da shi. Na gaishe shi, na ce, "Baba, a cire takunkumin." Ya yi dariya ya ce shekara guda ana ce masa rufe baki, yau ga 'yar cikinsa tana cewa buɗe. Gaskiyarsa. Kowa an ce ya ba da tazara, mu kuwa fuskarmu ba ta fi taƙi ɗaya da bakin mara lafiya ba.

Na ba shi ruwan magani ya kurkure, na kunna na'urar kankare dattin da ya daskare a gindin haƙora. Ita wannan na'ura da ruwa take aiki, tana fesa shi kamar hazo, haɗe da miyau da ɗan jinin dasashi. Cikin minti goma garkuwar fuskata ta yi ɗige-ɗige, ja-ja, rabi goro rabi jini. Ga zafi, ga takunkumin N95 ya matse min karan hanci, gumi na bin bayana a cikin rigar leda.

Nan wayata ta yi ɓurrr a aljihu. Wallahi ban yi tunani ba. Hannu ne kawai ya tafi, da safarsa jiƙe, ya ɗaga gefen riga ya zaro ta.

Sista na tsaye a bayana. Ba ta ɗaga murya ba, wanda da ta ɗaga ma ya fi min sauƙi. Ta ce in ajiye wayar a tire, in cire safa, in wanke hannu, in canza riga. Ta tambaye ni ina wayar ke zuwa bayan nan. Na yi shiru, ita ta ƙarasa: kunnenki, matashinki, hannun mahaifiyarki. Baba da baki a buɗe yana bin mu da ido. Da ya samu ya tofar, sai ya ce, "Ki yi haƙuri 'yata, sabo turken wawa."

Da muka gama ta tsaya ta kalli yadda zan tuɓe. Saura kaɗan in fara da takunkumi don in sha iska. Safa da riga ne farko, a naɗe su ciki ya koma waje, a wanke hannu, sai garkuwa, takunkumi a ƙarshe, shi ma ta igiyarsa, sannan a sake wankewa. Tambaya ta tara ce a takardar safe, kuma na ci ta.

A tirotiro, motar haya, zuwa gida wayar na cikin jaka, tana warin sifirit. Bokitin Veronica, mai famfon wanke hannu, da Mama ta ajiye a ƙofa tun kullen bara yana nan, na tsaya na saɓa hannu sosai. Ta tare ni da zancen rigakafin korona da aka kawo makon jiya, guda 600,000, wanda aka yi wa shugaban ƙasa ranar Litinin a talabijin. Tana son sanin ko zan yarda a yi min. Na ce ina cikin layi, ita ma zan kai ta.

Sai bayan isha'i na duba wanda ya kira. Ƙanina ne, yana son in tura masa sidi biyar na data.