Babin da aka sa na cire

Na miƙa kundin digirina na biyu, zan bar sashen, amma har yanzu babi na uku na ci mini rai. Shi ne wanda na rubuta kan wuraren bauta na cikin gidajen Rumawan da. Malam ya bi shi da jan biro daga sama har ƙasa, ya ce tarihi na sarakuna ne da majalisar dattawa, ba na tarkacen madafa ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai hujjar tana madafar." Ko kai bai ɗaga ba.

Ga abin da ya kira tarkace. A Pompeii, garin da dutsen Vesuvius ya binne da toka a shekara ta 79 Miladiyya, an tono ɗaruruwan irin waɗannan wurare, wani ɗan gurbi a bango, wani zane kawai. A gidan Vettii an zana Genius, ruhin maigida, ya lulluɓe kansa, Lares biyu, wato allolin da ke tsaron gida (ɗaya ana ce masa Lar), na rawa a gefensa riƙe da ƙahon sha, maciji na jan ciki a ƙasansu. Kuma wannan zanen yana ɓangaren barori ne, dab da inda ake girki. Cato, wani marubucin Rumawan da, ya umarci matar da ke kula da gidan gona, wadda galibi baiwa ce, ta sa furanni a murhu ranakun Kalends da Nones da Ides, wato ranaku uku na musamman a kowane watan Rumawa, ta roƙi Lar na gidan. Yaro in ya balaga, ga Lares yake miƙa layar da ya girma da ita a wuya. Ni Musulmi ne, ba gumakan suka dame ni ba, mutanen nake nema: baiwar da hayaƙi ya turnuƙe ta, wadda babu marubucin da ya damu da sunanta.

Ko a ma'aunin Malam ma babin ya cancanta. A shekara ta 392 Sarkin Rum Theodosius ya kafa doka da ta hana kunna wa Lar wuta, zuba wa Genius giya, da ƙona wa Penates, allolin rumbun gida, turare. Da abin banza ne, sarki zai bi shi har cikin gidajen mutane?

Ku da kuke tafe: ku ajiye kwafin komai, ku nemi ido na biyu tun da wuri. Gyaran da aka yi da baki kuma, ku roƙa a rubuta a sa hannu. Ranar kare kundi mai jarrabawa na waje ya tambayi ina rayuwar cikin gida ta shiga, Malam ya juyo ya dube ni kamar ni na yanke shawarar cire ta.